Ranar da Patron Komla Ya Yaye Ni

Ku samarin da ke zama a bakin shagona nan Zongon Lome kuna latsa waya, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ran nan. Wai ya ga yadda ake daɓen granito a bidiyo: a kwaɓa siminti da tsakuwar marmara, a zuba, a bi da inji, shi ke nan ƙasa ta fito tana sheƙi. Har da ƙarin Faransanci, "Tonton Garba, c'est facile," wai Kawu Garba, abu ne mai sauƙi. To, madalla. Bidiyon bai nuna muku gwiwar mutumin ba, bai kuma nuna muku yatsunsa ba. Ga nawa nan ku duba. Da na je yin katin ɗan ƙasa sai da na'urar ɗaukar yatsa ta gaji da ni, matar da ke wurin ta tambaye ni ko da guga nake goge hannuna. Siminti ne ya cinye zanen tun ina saurayi.

Ni a hannun wani ɗan ƙabilar Mina na koya, Patron Komla, mai shago a unguwar Hanukope; patron kuwa shi ne ubangida a sana'a. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya dariya kafin azahar. Mahaifina ne ya kai ni bayan ya gwada ni a sayar da goro ya ga rabin kwandon a bakina yake ƙarewa. Dangi suka yi ta surutu, wai an kai ɗan Musulmi hannun mai zuwa coci. Amma mutumin nan, in aka kira salla muna tsakiyar aiki, shi ne zai taɓo ni da ƙafa ya ce, "Zongovi, tashi, ana kiranka." Zongovi a yarensu ɗan Zongo ke nan, kuma duk zamana a hannunsa ban taɓa jin ya kira ni Garba ba.

Aikin farko da ya sa ni matakalar wani bene ce a Tokoin. Injin guga ba ya shiga lungu, ba ya hawa matakala, saboda haka wannan rabon apranti ne, wato yaron da ke koyo. Ana ba ka dutsen guga kamar rabin bulo, da bokitin ruwa, ka durƙusa. Kana gugawa kana yayyafa ruwa, farin taɓo yana gangarowa ta gwiwar hannunka. Da farko ba ka ganin komai sai toka-toka. Can sai ka ga idon tsakuwa ɗaya ya buɗe, fari ko baƙi ko ja, sai na kusa da shi. Ranar da na fara ganin haka na yi ihu na kira Patron ya zo ya gani. Ya leƙo ya ce saura sauran matakalar, ya koma.

Kafin a kai ga gugar nan akwai aikin da ba wanda ke ɗauka a bidiyo. Sai ka daidaita ƙasa da ma'aunin ruwa, ka ba ta ɗan gangare wanda ido ba ya gani amma ruwan wanki ya san hanyarsa. Sai ka kafa siraran tagulla ko na gilashi da ke raba daɓen gida-gida, don in siminti zai tsage ya bi layinsu. Sai kwaɓi, kuma kwaɓin safe da na yamma dole su zama launi ɗaya, in ba haka ba falon mutum ya fito kamar rigar mahaukaci. A zuba, a watsa ƙarin tsakuwa da hannu kamar mai shuka, a danne, a lulluɓe da buhu, a yi ta ba shi ruwa kwana da kwanaki. In ka yi gaggawar guga tsakuwa ta tumɓuke, in ka makara ya yi taurin da zai cinye maka duwatsu. Patron da farce yake gane lokaci. Yana kuma da wata ɗabi'a tasa shi kaɗai: ba ya yarda baƙin layin gefen daɓe ya yi kusurwa mai kaifi. Sai ya lanƙwasa tagullar a gindin kwalba ta zagaya a hankali, wai don tsintsiyar matar gida ta samu shiga.

Kun san yadda ake yaye apranti a ƙasar nan, abin da ake kira liberasiyo, ko da yake ku abincin wurin kawai ke kai ku. In yaro ya gama shekarunsa, dangi su ɗinka anko, a kafa rumfa, a gayyato shugabannin sana'a. Yaron ya durƙusa ya miƙa tafin hannu, ubangidansa ya yi masa bugun ƙarshe da ɗan faifan katako, ya sa masa albarka, ya damƙa masa kayan aiki. Daga ranar ya zama patron shi ma. Dokar masu sana'a kuwa ɗaya ce: wanda ba a yaye shi ba, ba ya yaye kowa. Nawa an sa rana. Mahaifiyata ta sayi atamfa, tela ya yanka, Patron ya ce tunda mu ba ma shan giyar sodabi, mu kawo lemo, limaminmu ya yi addu'a, shi ba ruwansa.

Sai shekarar nan ta zo da Lome ta rufe. Iyayenku sun ba ku labari. Yajin aikin da ya ƙi ƙarewa, kasuwa a kulle, harbi a unguwanni, mutane da katifa a ka suna tsallakawa Aflao ta ƙasar Gana, wasu suna yin gabas. Wata safiya na je Hanukope na tarar da kwado a ƙofar shago. Maƙwabta suka ce Patron ya kwashi iyalinsa sun fita, ba wanda ya san ina. Na yi ta komawa har kwadon ya yi tsatsa. Wa ke daɓe gida a lokacin da yake tunanin barinsa? Dako na koma yi a bakin iyaka, a Kodjoviakope, ina ɗaukar wa masu gudu kaya. Atamfar ankon kuwa ƙannena suka sa ta da salla. Da gari ya lafa na koma, na tarar wani na sayar da tayoyi a shagon. Wasu suka ce Patron ya mutu a Benin, wasu suka ce yana Gana. Na nema har na gaji.

Haka na ci gaba da aiki, gwani a hannu, apranti a suna. Ba a jima ba kuma karo, wato tayil, ya cika gari, kowa na son a manna masa farin tayil a gama a kwana biyu, granito ya zama kayan tsofaffi. Na rayu da yin kwatamin wanki, da bencin asibiti, da kaburburan Kiristoci. Abokaina a masallaci suna tsokanata wai ni ne Musulmin da ya fi kowa sanin maƙabartar coci. Duk wannan bai dame ni ba kamar ranar yaye yaran shagona. Ni zan koya wa yaro tun bai san riƙon cokalin gini ba, amma ranar liberasiyo sai in roƙi wani patron ya karɓi faifan, ni ina tsaye a gefe cikin 'yan kallo ina tafi. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Sai aka zo kan Idi, babban yaron shagona, wanda kuka sani, magidanci da 'ya'ya biyu. Lokacinsa ya yi har ya wuce, ya ce shi ba zai durƙusa wa kowa ba sai ni. Na ce, "Idi, ka san ba ni da wannan hannun." Ya ce, "To mu zauna a haka, Patron, ni da kai duk apranti." Taurin kansa ya hana shi buɗe shagonsa, ni kuma ba ni da abin da zan yi masa.

Ana cikin haka Rakiya ta zo. 'Yar maƙwabcinmu ce, na san ta tun tana tallan ƙosai kafin ta tafi makaranta, yanzu ita ce mai zanen gine-gine, da hular kwano a bayan mota. Ta ce, "Baba Garba, ina da aiki a bakin kogin Mono, can bayan Aneho. Gidajen hutu ne, wasu a saya, wasu a kama haya. Ba na son karo ko ɗaya. Granito nake so." Na ce ko dai tsokanata take yi. Ta buɗe zane a kan bencin nan da kuke zaune.

Ban taɓa aiki a gini irin wannan ba. Gidajen ba su taɓa ƙasa ba, kowanne na tsaye a kan ginshiƙai, don in kogi ya cika ya wuce ta ƙarƙashi ya koma abinsa. Mu da ruwan kogin Zio ke shigo wa ɗaki duk damina, da na ga haka na ce ina ma a Zongo aka fara wannan tunanin. Bangon jan bulo ne na ƙasar wurin, ba fenti. Rufin ya zarce bango sosai kamar malafa, rana ba ta samun gilashi. Ɓangaren da ke kallon ruwa kuwa gilashi ne tun daga ƙasa har sama, a tura shi gefe falo da baranda su zama abu ɗaya. Ta bar tagogi suna kallon juna yadda iskar kogi za ta ratsa, ta kuma hana a sare itacen kwakwa ko ɗaya, har akwai wanda baranda ta zagaye shi. Abin da take so a wurina shi ne daɓe ɗaya ba dokin ƙofa, ya taso daga ɗakin kwana, ya ratsa falo, ya fita baranda, ya sauka matakala har bakin ruwa.

Sai ta kawo abin da ya sa na yi mata gardama. Wai maimakon marmara zalla, a haɗa da ɓawon kawa, irin wanda matan bakin kogi ke tarawa tsibi-tsibi bayan sun cire naman. Na ce, "'Yata, ɓawo ba dutse ba ne, inji zai tashe shi." Ta ce, "Mu gwada ƙarami mu gani, Baba." Muka wanke, muka daka, muka tankaɗe, na zuba gwaji a faranti ina jiran in ce na faɗa miki. Da muka goge sai ga wani sheƙi mai ruwan madara da shuɗi-shuɗi, yana canzawa in ka matsa. Na cire hula na ce ta yi gaskiya. Ni da Idi da sauran yara muka tare a can muka kama aiki.

Ana tsakiyar gida na uku ɓawo ya ƙare. Aka ce akwai wani ƙauye a gaba kaɗan, sai an shiga kwalekwale, matan can na da shi da yawa. Na tafi da kaina don in zaɓa. Muna ciniki da wata mata a ƙofar gidanta ƙishi ya kama ni, ta ce in hau baranda in zauna ta kawo ruwa. Na cire takalmi na taka, sai ƙafata ta ji abin da ta sani. Granito ne, a ƙauyen da ko wutar lantarki babu, an goge shi da hannu. Na bi baƙin layin gefe da ido har lungu. Bai yi kusurwa ba, ya zagaya a hankali, daidai faɗin gindin kwalba.

Da matar ta dawo da kofi na tambaye ta da yaren Mina wa ya yi wannan daɓen. Ta ce babanta ne, tun shekarar da suka gudo daga Lome. Na ce, yana ina? Na tambaya ne ina jiran a nuna mini kabari. Ta ce yana bayan gida yana shan iska.

Yana zaune a kujerar katako ƙarƙashin mangwaro, ya ƙanƙance, idanun sun yi fari, hannun hagu a kwance kan cinya ba ya motsi. Na durƙusa na gaishe shi yadda muke gaishe shi da safe a shago. Ya karkato kunne. Ya miƙo hannun dama ya kama nawa, ya shafa kan yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Zongovi," ya ce. "Ka yi salla?"

Ina da furfura a gemu, ina da jikoki, amma a wurin nan na yi kuka, 'yarsa Akuwa tana tsaye da kofin ruwa ba ta san abin da ke faruwa ba. Ya ce ya so komawa, ciwo ya kwantar da shi, da ya tashi kuma aka ce masa shagon ya zama na wani. Ya aika a tambaya a Zongo, amma Zongovi nawa ne a Zongo? Na ba shi labarin karo, da kaburbura, da gidajen Rakiya. Daga ƙarshe na gaya masa maganar Idi, na ce, "Patron, ka yaye ni. Ko a nan ne, ko yanzu."

Sai ya ce, "A'a."

Na ɗago kai na dube shi. Ya ce, "Ni ban taɓa yaye yaron da ban ga aikinsa ba. Na san abin da hannunka ya zama bayan rabuwarmu? A kai ni in gani." Akuwa ta ce, "Papa, da wane idon?" Ya ce mata ta yi shiru, ba da ido ake duba granito ba.

Da na gaya wa Rakiya sai ta ce, "Wace rana, Baba? In sa a share baranda." Ni kuwa tsoro ya kama ni irin wanda rabona da shi tun ina saurayi. Na san mutumin. In ya ce aiki bai yi ba, to bai yi ba, ko gaban wa. Na sa yara muka sake bin gidan farko lungu-lungu, Idi yana mini dariya wai yau ga ubangidansa ya tsorata.

Ranar da aka sa, da hantsi, kwalekwale ya kawo shi. Ni da Idi muka ɗauko shi a kujera muka hau da shi. A bakin falo ya ce a sauke shi, a cire masa takalmi. Ya dafa kafaɗar Akuwa ya fara tafiya, yana jan tafin ƙafa a ƙasa. Ya ratsa falo, ya tsaya inda gilashi ke buɗewa yana neman dokin ƙofa da yatsan ƙafa, bai samu ba. Rakiya ta yi masa bayani da Mina cewa da gangan ne. Ya ce, "Ke kika zana? Iska na shiga gidanki, yarinya." Ya tambayi mene ne wannan mai santsi daban a cikin tsakuwar, aka ce ɓawon kawa. Ya yi dariya, ga shi ko azahar ba ta yi ba, ya ce shekara da shekaru yana zaune kusa da tsibinsa bai taɓa tunanin haka ba.

Sai matakalar da ke sauka kogi. Nan ya zauna, ya bi bakin kowace da tafin hannu. A ta kusa da ƙarshe ya tsaya, ya koma baya, ya sake shafawa.

"Wa ya goge wannan?"

Idi ya buɗe baki, na riga shi. Na ce aikina ne, duk abin da ke wurin nan aikina ne.

"Akwai tudu. Mai jiƙaƙƙiyar ƙafa zai ji shi. Kawo dutse."

Aka kawo dutse da bokiti. Na naɗe wando na durƙusa a gaban yarana, da magina, da masu sa gilashi, da Rakiya, na kama guga. Idi ya matso zai karɓa, tsohon ya ji motsinsa ya ce, "Kai wane ne? Bar apranti ya yi aikinsa." Wurin ya fashe da dariya, ni ma ina yi, gumi na ɗiga a kan dutsen. Ina gugawa yana sa hannu, yana cewa saura. Sai da na jigata sannan ya shafa, ya shafa, ya ɗaga hannu bai sake cewa saura ba. A wurin Patron Komla wannan shi ne yabo.

A barandar aka yi. Ba rumfa, ba anko. Rakiya ta aika aka sayo lemo, wani mai gadi Bazabarme ya yi mana addu'a, Kiristocin wurin suka sunkuyar da kai tare da mu. Akuwa ta buɗe wata tsohuwar jakar fata da suka zo da ita ta fito da faifan katako, ya yi baƙi don tsufa. Na durƙusa na miƙa hannu biyu. Na ɗauka tsoho mai hannu ɗaya taɓawa kawai zai yi. Wallahi sai da na ji bugun nan har cikin kunnena. Ya ce, "Wannan na ƙarshe ne. Daga yau ba mai sake dukanka a kan aiki." Ya ɗora hannu a kaina ya yi magana mai tsawo da Mina, ya roƙa mini abokan ciniki masu haƙuri da yara masu jin magana, ya ce kada siminti ya ci amanata. Sannan ya lalubo cokalin gininsa a jakar ya damƙa mini, ya ɗora faifan a kai.

"Ina mai taurin kan?" ya ce. Idi ya matso ya durƙusa. Tsohon ya shafa yatsunsa kamar yadda ya shafa nawa, ya juyo wajena. "Wannan naka ne, Patron Garba. Kada ka sassauta masa."

Ban san ya san sunana ba. Idi ya sunkuyar da kai yana share ido da gefen riga. A watan da ya biyo muka yi nasa a nan Zongo, wasunku sun ci shinkafar.

Amma a ranar tawa ta baranda, da rana ta karkata Akuwa ta ce su tafi kafin ya gaji. Muka sauko da shi matakalar har bakin ruwa. Shi apranti, in ubangidansa zai tashi, shi ke ɗaukar masa jaka, ba sai an ce masa ba. Hannuna da kansa ya kai ga jakar fatar nan na rataya ta a kafaɗa. Ya ji ƙarar maɗaurinta ya tsaya.

"Wa ya ɗauki jakata?"

"Ni ne, Patron."

"Ajiye. Patron ba ya ɗaukar wa patron jaka."

Na ce ko zuwa kwalekwale kawai, taku kaɗan ne. Ya ce a'a. Akuwa ta zo ta zare ta daga kafaɗata a hankali, tana ba ni haƙuri da ido. Aka zaunar da shi, mai tuƙi ya tura sanda, suka yi gaba. Na tsaya a matakalar ƙarshe, ruwa na taɓa ƙafata, tafin hannuna na zafi, ba abin da zan ɗauka. Tun ina saurayi nake roƙon Allah ya nuna mini ranar da za a sake ni, ga ta ta zo, ni kuma a lokacin ba abin da nake so kamar a bar ni in riƙe jakar nan har ƙauye.